Almakashin Roda

"…Lafiya lau na tashi, amma ba don kai ba. Shigo, shigo, mugun miji. Ka cire takalmin nan naka mai kama da kwale-kwale kafin ka taka min tabarma."

"Ikon Allah! A'i, ko ruwa ba ki ba ni ba har kin fara? Ni da na baro Wunti a kan acaɓa ko karyawa ban yi ba, don an ce matata na nemana ido rufe."

"Ruwan da za ka sha a gidan nan yau sai dai na wanke-wanke."

Duk unguwar Ƙofar Dumi babu mai kiran Hajiya A'i da sunanta gatsau sai wannan jikan nata, Ɗanlarai, ɗan 'yarta Larai. Gemu ya fito masa, har marubuta suna biyo shi yana shirya musu littattafan da ake karantawa a waya, amma a wurin A'i yana nan a mijin da bai iya komai ba. Kullum suka haɗu sai sun yi, kuma kullum da dariya ake tashi. Yau kam bakin ne kawai ke tsokana, zuciyar tsohuwa a jagule take.

Ga abin da ya faru. A'i tela ce. Ita da ƙawarta Roda shago ɗaya suka riƙe a kasuwar Wunti tun suna da jini a jika har furfura ta cim musu. Roda ce mai awo da yanka da haɗa jiki, A'i kuwa uwar ado: leshi, duwatsu, surfani, duk abin da zai yi ƙyalli. Da idon Roda ya fara dushewa sai 'yarta Comfort ta ɗauke ta ta mayar garinsu can kudancin jiha. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce ganin tafiya yake yi kuma ba zai dawo ba. Abin da ya rage mata shi ne waya: idan an ƙara girman rubutu ta kan kusanto da ita fuska ta karanta. Shi ya sa A'i ta zaunar da Ɗanlarai tana ba shi labarin shagonsu yana rubutawa, ya mayar da shi littafin waya, tunda harafin takarda ba ya girma. Burinta ɗaya ne, Roda ta karanta da idonta kafin hasken ya ɗauke. Aka aika. Jiya da la'asar sai ga kiran Comfort: Mama ta kasa wuce shafin farko, ta ajiye wayar ta juya fuskarta bango. Tun daga lokacin ko loma ɗaya ba ta wuce wa A'i da daɗi ba.

Ɗanlarai ya zauna, ya ajiye jakar kwamfutarsa, hancinsa ya kai shi ga kwanon da ke rufe da faifai a gefen tabarma.

"Wannan ƙamshin masa ne ko kunnena ne ke yaudarata?"

"Da kunne kake jin ƙamshi? Dama na faɗa wa Larai tun kana zanin goyo, waɗannan fankama-fankaman kunnuwan ba na ji kaɗai ba ne." Ta jawo kwanon ta mayar bayanta. "Masa ce, da miyar taushe, kuma ba taka ba ce. Wanda ya sa ƙawata kuka ba ya cin masata."

"Ni na sa ta kuka? Wa ya ce a yi wa kowane babi ƙofa irin ta ɗakin amarya?"

"Ni dai cewa na yi a ɗan gyara."

"A ɗan gyara! A'i, ki ji tsoron Allah, ga carbi a hannunki. Cewa kika yi a sa fure. Na sa fure kika ce ina ganyen. Na sa ganye kika ce a zagaye da ruwan zinariya. Harafin farko kuwa kika ce ya yi ƙato ya fi ɗaurin ɗankwalin uwar biki. Muryarki tana nan a wayata, in kunna?"

"Ka kunna in fasa wayar. To ni na ce, kai ba ka da hankali ne? Da na ce ka faɗa rijiya sai ka faɗa?"

"Da gudu ma. Mijin kirki ai ba ya musu."

"Mijin kirki! Ni da samarin garin nan suka yi layi tun daga ƙofar gidanmu har Zungur, in ƙare da mai danna allo da yatsu kamar kaza na tonon tsaba."

"Layin da kike faɗa na masu karɓar ɗinkin Sallah ne da kika yi musu alkawari kika saɓa."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne da tari. Ta nuna ƙusar da ke jikin bango, inda wani tsohon almakashi mai baƙin mariƙi ke rataye. Na Roda ne, shi ta bar mata ranar da za ta tafi.

"Ka ga wancan? Ka ƙara magana in rage maka kunne ɗaya."

"Ki bari sai na gama aiki, da su nake jin ƙorafinki. Kawo tsohuwar wayarki, ƙaramar nan. Irinta ce a hannun Mama Roda. Yawwa. Yanzu cire tabarau."

"In cire me? Ka ga kyan idona ka suma?"

"Na ɗauki kasadar. Cire."

Ta cire tana mita. Ya buɗe littafin a ƙaramar wayar, ya ƙara girman rubutun har ƙarshe, yadda Comfort ta ce Roda ke yi, ya miƙa mata.

A'i ta kai wayar kusa da hanci. A babbar wayar Ɗanlarai ta ga shafin nan a makon jiya, har ta yi guɗa don kyau. Yanzu kuwa, wayyo! Zanen zinariyar ya cinye rabin fuskar wayar, sunan babin ya maƙale a tsakiyarsa ɗan mitsitsi, ko da tabarau sai an yi da gaske. Ƙaton harafin farko ya sauko ya zauna daram a kan kalmomin da ke ƙasansa, ya danne layi uku. Ta mutsa ido, ta karkata kai, ta nisantar ta kusantar. Sunan Roda yana cikin sunan babin nan, ta san yana nan don ita ta faɗa da bakinta, amma ta neme shi ta rasa. Sai tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ashe haka Roda ta zauna jiya tana laluben sunanta a cikin furanni.

Ta sauke wayar a kan cinya, Ɗanlarai ya daina murmushi.

"Laifina ne ni ma," in ji shi a hankali. "Na so in burge ki. Sunan babin ba rubutu ba ne, hoto na zana na manna. Idan Mama Roda ta ce rubutu ya girma, rubutu ya ji magana, hoto kuwa ko a jikinsa. Shi kuma babban harafin da wayata na auna masa wuri. Da ya je ƙaramar waya wurin bai ishe shi ba, sai ya hau kan maƙwabta."

"Wato da awonka ka ɗinka wa Roda riga."

"Da awona, bisa umarnin uwargida."

"Sakarai. To ka gyara mana, ka zauna kana kallona kamar ka ga sabon wata."

"Gyaran ɗaya ne. A cire."

"A cire me?"

"Furen, ganyen, zinariyar, ƙaton harafin. Duka."

A'i ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Tsirara zan aika mata da littafin? Kai, yaron nan ba ka da tarbiyya. Tunda nake da Roda ban taɓa kai mata ko ƙosai a kwano ba faifai mai ado ba. Da Sallah in kai mata, da Kirsimeti ta kawo min, ba wadda ta taɓa aika wa 'yar'uwarta abu a buɗe kamar na sadaka. Yanzu da take kwance ne zan fara?"

"Ai faifan ne ya manne, ta kasa buɗe kwanon."

"Rufe min baki!"

Ta faɗa da ƙarfi. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen zaninta.

"Ɗanlarai, ni ado na iya. Duk zamanmu Roda ce ke yin rigar, ni in ƙawata. Idan ka cire adon, to me na ba ta?"

Tausayinta ya kama shi, amma ya san halin matarsa. Idan ya lallashe ta kuka za ta yi, idan ta yi kuka kuma ba za ta yafe masa ba har Sallah mai zuwa.

"Kin ba ta babi goma sha ɗaya na ƙarya da ƙarin gishiri, wannan bai isa ado ba?"

"Ƙarya? Ni?"

"Akwai inda kika ce kin ɗinka kayan amare bakwai a yini ɗaya, babu wuta."

"Takwas ne, na rage don kada a ce ina alfahari!"

"Madalla. To tambaya ɗaya. Idan yarinya mai koyo ta kawo wa Mama Roda ɗinki, me take fara yi?"

A'i ta harare shi. "Juya shi take yi mana. Roda ba ta kallon gaban riga. Sai ta juya ta duba ciki, in ta ga zare na reto ta miƙa miki reza ba tare da ta ce uffan ba."

"To mayar da tabaranki, bari in juya miki rigar nan."

Ya buɗe kwamfutar ya juyo mata da ita. Ya ce wannan shi ake kira kod, wato umarnin da ake rubuta wa na'ura a bayan shafi don ta san inda za ta ajiye kowane abu. Mai karatu ba ya ganinsa. A'i ba ta san ko harafi ɗaya a ciki ba, amma ido ba ya buƙatar makaranta kafin ya gane cukurkuɗe. Layuka ne a kan layuka, wasu sun shige ciki wasu sun fito waje, yana ta ja ƙasa abin ya ƙi ƙarewa.

"Wannan duk na littafin ne?"

"Na buɗe babi na ɗaya ne kawai. Kowane babi da nasa daban, don kin ce kada furen wani ya yi kama da na wani."

"Innalillahi! Wannan ai ba ɗinki ba ne, gidan tsuntsu ne. Da Roda ta ga cikin rigar nan da ta kore ka daga Wunti gaba ɗaya. Kai ba ka jin kunya? Warware!"

"A'a, ai kin ce tsirara ne."

"Ni na ce? Tun ɗazu nake cewa a cire kana min gardama. Warware, na ce!"

"Allah Ya ba ni haƙurin zama da ke."

Ya shafa duka ya goge. A'i ta runtse ido kamar an cire mata haƙori. Da ta buɗe ya fara sabon rubutu, yana yi yana faɗa mata.

"Na farko, na gaya wa wayar cewa wannan layin sunan babi ne, rubutu ne sosai ba hoto ba. Da haka zan jera sunayen a gaba, Mama Roda ta taɓa wanda take so ta faɗa ciki kai tsaye."

"Ta fara da wanda na yabi kaina."

"Ai duka ne. Na biyu, a bar fili a samansa, don ido ya san an shigo sabon wuri. Na uku, girmansa. Ban ce masa inci kaza ba. Cewa na yi ko yaya sauran rubutun ya kai, shi ya ɗara shi da rabi. Ta ƙara, ya ƙaru. Ta rage, ya ragu."

"Wando mai zariya ke nan. Mai tumbi ya sa, siriri irinka ya sa."

"Kin ga, da kin yi boko da yanzu ke ce shugabata."

"Yanzu ma ni ce. Ci gaba."

"Na huɗu, layin farko ya fara daga bakin gefe ba tare da ya shige ciki ba, kalmomi uku na farko a ɗan kaurara su, su kama ido. Shi ke nan. Kuma sau ɗaya na rubuta, duk babi-babin daga nan za su ɗauka."

A'i ta leƙa. Abin da ya rubuta ko tafin hannunta bai cika ba.

"Ɗan wannan? Wannan aka tura ka makaranta ka koyo? Larai ta yi asara."

"Wancan mai yawan kowa ya iya. Wannan ne mai wuya."

"To sa min fure ɗaya. Ɗaya tak, ƙarami."

"Babu."

"Ganye."

"Ko kara."

"Tauraro fa? Ɗan ƙyas, a gefe, ba wanda zai sani."

"A'i."

"To sakar ni! Ba zan zauna da mijin da ba ya iya saya wa matarsa tauraro ba."

Ɗanlarai ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya tsaya yana kallon almakashin da ke bango. Ya ƙara layi ɗaya a ƙasan sauran, ya tura littafin cikin ƙaramar wayar, ya ƙara girman rubutun har ƙarshe.

"Cire tabarau."

Wannan karon ba ta yi musu ba. Fari ne shafin, fes. A sama fili, sannan baƙin rubutu manya-manya a tsakiya. A ƙasan sunan babin kuwa wani layi ne ɗigo-ɗigo ya ratsa daga gefe zuwa gefe, sak ɗinkin hannu. Ta kai wayar kusa da fuska, ta karanta da ƙarfi:

"Babi na Ɗaya. Ranar da Roda ta Shigo da Kekenta."

Ta sake karantawa. Ta shafa layin ɗinkin da ɗan yatsa.

"Wannan ba zai hau kan kowa ba?"

"Ba hoto ba ne, umarni ne guda ɗaya. Ko wayar ta ƙi nuna shi, rubutun yana nan lafiya."

"Hm. Ka ga dai sai da aka sa ado. Ni na ci."

"Ke kika ci. A ba ni masa."

"Sai Roda ta karanta."

Ya aika wa Comfort, ya ce ta goge na farkon ta buɗe wannan. Suka zauna. Rana ta taso ta cinye rabin tsakar gida, mai tallan manja ta yi sallama ta wuce, ƙarar babura na shigowa daga lungu. Ɗanlarai ya ce masar ta huce, A'i ta ce cikinsa ne zai ɗumama ta in ya samu. Ya ce za a rubuta a tarihi cewa yunwa ta kashe miji a gaban matarsa, ta ce za ta ba da labarin a babi na goma sha biyu, da fure. Amma idonta na kan wayar, tana jan carbi ba ta san me take ja ba. Abin da take tsoro ba ta faɗa ba, amma shi ma ya sani: kada a ce ba adon ne kaɗai ya hana ba, kada a ce idon ne ya riga ya tafi.

Wayar ta yi ƙara. Ɗanlarai ne ya danna ya buɗe murya.

Ko sallama babu.

"A'i! Maƙaryaciya!"

"Roda?"

"Ni ce mana, wa kike tsammani? Tsaya ki ji abin da kika rubuta." Muryar ta rage gudu, tana bin kalma ɗaya-ɗaya irin na mai karatu da kansa. "'Roda ta shigo da wani tsohon keke mai ƙara kamar injin niƙa.' Kekena ne mai ƙara? Naki fa, da sai an zuba masa man gyaɗa kafin ya motsa?"

"Comfort ce ta karanta miki?" A'i ta tambaya.

"Comfort tana wanki. Da idona na gani, da idona! Har na kai inda kika ce ke kika koya min yanka. A'i, ko tsoron Allah babu? Mijin naki yana nan?"

"Ina nan, Mama Roda. Ina kwana?"

"Lafiya lau, angonmu. Kai ka yi ɗinkin nan na ƙasan sunan babi?"

"Ni ne."

"Na sani. Miƙaƙƙe ne. Matarka tunda take ba ta taɓa miƙe layi ba, shi ya sa take rufewa da leshi."

A'i ta fashe da dariya, hawaye na zuba har haɓa, ba ta ko share ba.

"Kada ki kashe," in ji Roda. "Zauna nan, zan shiga babi na biyu. Duk ƙaryar da na tarar sai kin amsa ta."

A'i ta miƙe tana dafa gwiwa, ta je bango ta sauko da almakashin. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta ajiye a kan kwamfutar Ɗanlarai, sannan ta turo masa kwanon masar da ƙafa.

"Ungo. Roda ta bar min shi, ni kuwa ƙari kawai na iya, ban taɓa iya ragewa ba. Kai ka riƙe."

Ɗanlarai ya ɗauka da hannu biyu.

"Na gode, Kaka."

"Wace ce kakarka? Ci masarka ka ba ni wuri, ina da baƙuwa."

Ta zauna ta jawo wayar kusa da kunne. Daga can kudu muryar Roda ta taso, a hankali, kalma bayan kalma: "Babi na Biyu…"